Suna Linzami: Sarkin Musulmi Attahiru da Yaƙin Burmi

Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato inda sunan mutum ya ja shi nan zai nufa, ko yana so ko ba ya so. Wannan maƙala za ta auna wannan karin magana da abin da ya auku a Burmi, arewa da birnin Gombe kusa da Bajoga, a shekarar 1903.

Amfanin Suna

Ranar 15 ga Maris, 1903, Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, wanda bai cika wata shida kan gado ba, ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira. Nan da nan Lugga ya naɗa wani a madadinsa, bisa zaton cewa sarkin da ya rasa fada ya rasa komai.

Zaton bai tabbata ba. Attahiru ba shi da baitulmali, ba shi da rundunar a zo a gani, amma yana ɗauke da sunan zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Duk garin da ya ratsa sai malamai da sarakai da talakawa su bar gonakinsu, ga damina ta kawo kai, su bi shi. Wannan shi ne amfanin suna, domin ya tara masa jama'ar da dukiya ba za ta tara ba.

Nauyin Suna

Sai dai abin da ya tara masa mabiya shi ne ya hana shi tsira. Da talaka ne, da ya saje cikin ayarin alhazai ya wuce babu mai tambaya. Amma Turawa suka ga ƙasar da suka ci tana neman watsewa a bayan mutum guda, saboda haka suka bi sawunsa. Shi kuma babu halin ya gudu ya bar mata da yara da suka dogara gare shi. Babba juji ne.

A Burmi, tsohon sansanin Malam Jibrilla Gaini, tafiyar ta ƙare. Mutanen garin sun kori Turawa a watan Mayu, amma ranar 27 ga Yuli aka sake gwabzawa. Attahiru ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa, shi ma jagoran Turawan, Manjo Marsh, a nan ya faɗi. Bayan haka sai da Turawa suka yaɗa hoton gawarsa don jama'a su yarda ya mutu, alamar cewa sunan ne suke tsoro fiye da mai sunan.

Kammalawa

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijirar har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Ke nan sunan da ya kai uban Burmi shi ne ya riƙe jama'ar har suka sami mazauni. Ɗalibin da ke burin yin fice ya tuna cewa duk wanda ya yi suna ya zama na jama'a, kuma ranar da aka neme shi ba shi da wurin ɓuya.