Kumburin da yaran yanzu ba su gani ba

Ranar da na ajiye aiki, yaron da ya gaji injin zuciya da huhu a hannuna ya tambaye ni wai me ya haɗa histamin da tiyatar zuciya, shi da ya san shi da atishawa da ƙaiƙayi. Raina ya sosu ƙwarai. Bai taɓa ganin jariri ya kwana biyu bayan tiyata ya kumbura har idanu sun shige ba.

Mu mun gani. Sa'ad da na fara riƙe injin zuciya da huhu a Ingila, ruwan da muke cika bututai da shi ya ninka jinin jaririn sau uku ko huɗu, don mai kilo 3 jininsa kusan mililita 250 ne kacal. Jini na taɓa roba, sai jiki ya ɗauka abokin gaba ya shigo. Sinadaran garkuwar jiki C3a da C5a su tashi su tsokani ƙwayoyin mast, histamin ya kwararo, ƙananan jijiyoyi su kama yoyo kamar tsohuwar salka. Ƙirji ya ƙi rufuwa, a bar shi buɗe ƙarƙashin leda.

Uwar ɗakina a wannan sana'a wata dattijuwar likitar sa barci ce. Ba ta barin kowa ya tura maganin furotamin, wanda kan tayar da histamin, sai ita. Takan ɗauki minti goma cur, hannu ɗaya a kan sirinji, ɗaya a goshin jariri, tana neman ja a fata tun kafin allo ya nuna awon jini ya faɗi. Yau famfo ke turawa, idon kowa na kan allo, kuma wannan yana damuna. Ita ce ma ta koya mini jera ƙanƙara a jikin jariri, zamanin da muke sauke zafinsa zuwa digiri 18 mu tsayar da jini baki ɗaya. Ɗakin kan yi tsit, ba ka jin komai sai mai ƙidaya mintoci.

A 1991 Martin Elliott da abokan aikinsa a Great Ormond Street suka fito da dabarar tace jini bayan an sauka daga injin. Daga baya Marie-Christine Seghaye a Aachen ta auna histamin a jinin jarirai, ta sa lamba a kan abin da dattijuwar ke karantawa da tafin hannu. Ranar da muka fara tacewa, na ga awon jini na hawa a gabana, ruwa na taruwa a jaka. Dattijuwar kuwa ta riga ta yi ritaya, sai a waya na ba ta labari.