Tarihin Abincin Kare da Ƙashin Kwikwiyo Mai Girman Jiki

Tun zamanin da ɗan Adam ya jawo kare jikinsa domin farauta da kiwo da tsaron gida, ba a kafa wata sana'a ta musamman don ciyar da shi ba, sai dai ya ci abin da ya ragu a akushin ubangidansa, ko ƙanzo ne, ko ƙashi, ko kayan cikin abin da ya kamo a daji. Haka al'amarin yake wurin mafarautanmu, haka kuma yake a ƙasar Turai har tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da wani Ba'amurke mai suna James Spratt, mutumin jihar Ohio, ya tafi Ingila tallar ƙarafunan da ake kafawa bisa gini don tsare shi daga aradu. An ruwaito cewa a bakin tashar jiragen ruwa ya ga karnuka suna wawar busasshen biskit ɗin da matuƙa suka zubar, sai wajen shekarar 1860 ya fara toya wa karnuka nasu, na garin alkama da kayan lambu da nama, yana sayar wa attajirai ma'abota karnukan farauta. Cikin yaran kamfaninsa akwai Charles Cruft, wanda a 1891 ya kafa bikin nunin karnukan da har yau ake kira da sunansa.

Daga nan sana'ar ta bunƙasa. A 1922 wani kamfani a jihar Illinois ya fito da Ken-L Ration, naman doki a gwangwani, a daidai lokacin da mota ta karya darajar dawaki. Da yaƙin duniya na biyu ya sa aka ƙayyade ƙarfen gwangwani, sai aka koma ga busasshen abinci, har a 1957 kamfanin Purina ya baza irin ƙwayoyin nan da inji ke dafawa yana tunkuɗowa, waɗanda su ne ake aunawa a buhu har yanzu.

Amma ciniki daban, ilmi daban, kuma ilmin ya faro ne daga wani wuri da ba a yi zato ba. Wani likitan Ingila, Edward Mellanby, yana neman sababin ciwon da ke lanƙwasa ƙafafun yaran talakawa a biranen ƙasarsa, sai ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki yana ba su kunun hatsi da 'yar madara, ya ga ƙasusuwansu sun yi laushi, ƙafafunsu sun baje, gaɓoɓinsu sun kumbura, tamkar na yaran nan. Da ya ba su man hantar kifi sai suka warke. Ya bayyana wannan a 1919, bayan shekara uku kuma Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar da cewa akwai wani sinadari dabam a cikin man, wanda aka sa wa suna bitamin D. Wani abu da Mellanby ya lura da shi, wanda ya cancanci a riƙe, shi ne kwikwiyon da ya fi saurin girma shi ciwon ya fi yi wa illa. Ta haka kare ya yi wa 'ya'yan mutane hidimar da ba a cika tuna masa da ita ba.

Darasin da masu karnuka suka ɗauka daga wannan zamani shi ne rashi ke karya ƙashi, kuma suna da hujja, domin wanda ya ciyar da kwikwiyo da tsokar nama zalla, yana ganin ya gama masa gata, zai iske ƙashinsa ya zama kamar takarda, saboda nama cike yake da fosfaras alhali kalshiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka aka shiga barbaɗa garin ƙashi da ƙwayoyin kalshiyam a kwanon kowane kwikwiyo, musamman manyan iri, bisa ƙiyasin cewa wanda zai ɗauki babban jiki shi ya fi bukatar kayan gini. Ƙiyasin yana da daɗin ji, amma ɓatacce ne.

A duba irin karen da ake kira Great Dane, wanda ake haifarsa bai kai kilo ɗaya ba, kafin shekara biyu kuma ya haura kilo 50. A 1974 malaman jami'ar Cornell, cikinsu har da wani mai suna Hedhammar, suka raba 'ya'yan wannan iri gida biyu, kashi ɗaya aka bar musu kwano su ci iyakar son ransu, ɗayan kuma aka auna musu. Waɗanda aka sake wa abinci sun fi saurin girma, kuma su ne suka fi samun lahani a guringuntsi da gaɓoɓi. Maginin ƙasa ya san wannan sirri, shi ya sa ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska, don in ya yi gaggawa bangon zai karkace tun bai kai ga rufi ba. Bayan shekara goma da 'yan kai wani malami mai suna Hazewinkel da abokan aikinsa a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gwada kalshiyam shi kaɗai, suka ba wasu 'ya'yan wannan iri kashi 1.1 cikin 100 na abincinsu, wasu kuma kashi 3.3, sai ƙafafun wasu cikin na biyun suka lanƙwashe, girman ƙashinsu ya rikice. Illar kuwa ita ce hanjin kwikwiyo, kafin ya kai kamar wata shida, ba ya iya mayar da rarar kalshiyam yadda na babban kare ke yi, abin da aka zuba masa shi yake tsotsewa. A wannan jami'a ne kuma, a 1991, aka wanke furotin daga tuhumar da aka daɗe ana yi masa, domin an ba kwiyakwiyi mai yawa da matsakaici da kaɗan, ba a ga yawansa ya ɓata musu ƙashi ba. Abin takaici ne a ce har yau akwai masu gudun furotin suna kuma barbaɗa garin ƙashi, wato sun saki mai laifi sun kama mai gaskiya.

Hujjar da ta fi ratsa ni ita ce ta karnuka 48 irin Labrador da kamfanin Purina ya bi rayuwarsu tun suna 'yan makonni har mutuwarsu. An haɗa su bibbiyu 'yan ciki ɗaya, ana rage wa ɗaya rubu'in abin da ɗan'uwansa ya ci. Da suka cika shekara biyu, 16 cikin 24 na masu cin ƙoshi sun sami gocewar kwatangwalo, alhali cikin waɗanda aka rage wa 7 ne kacal. Da aka kammala lissafi a 2002, matsakaicin kwanan masu cin ƙoshi shekara 11.2 ne, na waɗanda aka rage wa kuwa 13.

Sai a 2016 hukumar AAFCO, mai tsara ƙa'idojin abincin dabbobi a Amurka, ta mayar da wannan ilmi doka a jikin buhu: abincin kwikwiyon da zai kai kimanin kilo 32 ko fiye idan ya girma, kalshiyam ɗinsa kada ya gaza kashi 1.2 cikin 100 na busasshen abincin, kada kuma ya wuce 1.8, sannan wajibi ne a rubuta ko abincin ya dace da renon manyan iri ko bai dace ba.

Wannan tarihi ya shafe mu, tun da yanzu a Kano da Kaduna da Abuja ana sayen Boerboel da Rottweiler da karen Jamus don gadi, ana kuwa renonsu da tuwo da shinkafa da ƙasusuwan mahauta kamar karen gida, wanda jikinsa ƙarami ne, girmansa kuma a hankali yake. Shari'a ta yi rangwame ga riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron shuka, malamai da dama sun ƙiyasta tsaron gida a kai, kuma fuƙaha'u sun ɗora nafaƙar dabba a wuyan mai ita. Don haka, ya kai mai riƙe da irin wannan amana, karanta buhun kafin ka biya kuɗi, ka auna abincin kashi uku a wuni maimakon barin kwano cike, kada ka ƙara garin ƙashi bisa abincin da aka riga aka daidaita, kuma kowane mako ka shafa awazar kwikwiyon da tafin hannunka. In ka ji haƙarƙarin ba tare da dannawa ba, to ma'aunin ya yi daidai, in kuwa sai ka tona kitse kafin ka same shi, ka rage, ka kuma kai shi wurin likitan dabbobi ya duba ƙafafunsa tun bai cika wata shida ba.