Daga Majanyi Zuwa Bel: Yadda Ake Gane Yaro Ya Isa Zama Irin na Manya a Mota

A zamanin da takardar haihuwa ba ta yawaita ba, malaman boko a sassa da dama na ƙasar Hausa suna da hanyar gane yaron da ya isa shiga aji ɗaya. Sai a ce ya ɗora hannun dama ta bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, an ɗauke shi. In hannun bai kai ba, sai baɗi. Wasu kuma bakinsa suke dubawa su ga ko ya fara famfara. Akwai hikima a ciki. Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada shi da sauran jikinsa, hannuwansa kuma gajeru ne, sai wajen shekara biyar zuwa shida suke yin tsawon da za su zagaye kan. Wato jikin yaro ake tambaya ko ya isa. Wannan tsohon ma'auni shi ne iyaye da malamai suke bukata yau game da zaman yara a mota.

A duba ƙasar Kurfai, wadda Filinge ce babban garinta, cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kafin zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20, tafiya a wannan yanki ta ƙafa ce, da jaki, da raƙumi, da doki. Kurfayawa sun yi suna wajen hawan doki, kuma kowane mataki na tafiyar yaro yana da ƙa'idarsa. Jinjiri ana goya shi da zane, a rufe har ƙeyarsa saboda wuyansa bai yi ƙwari ba, sannan a ƙara ɗaure shi da majanyi don kada goyon ya kwance. In wuya ya tsaya sai a bar kai a waje, daga baya a fitar da hannuwa. Bayan yaye yaro ya fara hawa jaki tare da yayansa. Doki kuwa sai a gaban mahaifinsa, domin sirdi da likkafa an yi su ne daidai ƙafar babba, kuma ba a sakar wa yaro linzami ƙafarsa tana lilo. Uwa ba ta lissafin wata kafin ta fitar da hannun ɗanta daga goyo. Jikinsa take dubawa.

Mota ta shigo ba tare da irin wannan ƙa'ida ba. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën da ya ratsa Sahara ya bi ta Yamai da Damagaram. A 1926 aka mayar da hedikwatar mulkin mallaka Yamai, kuma hanyoyin mota na farko da gumin talakawa aka share su, ta aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Shekaru masu yawa motar da mutumin karkara ya sani ita ce babbar motar kaya, fasinja a bisa buhuna. Daga baya aka samu ƙananan bas-bas da a-kori-kura masu bin hanyar Yamai, Balayara, Bonkuku, Filinge, sannan baburan kabu-kabu suka cika ko'ina. A duk waɗannan sauye-sauye wurin zaman yaro bai sauya ba: cinyar uwarsa, ko bayanta. Hanyar da ta dace da jaki ita aka shiga mota da ita.

Ga inda matsalar take. Jaki yana tafiyar kilomita biyar a awa. Motar da take kilomita 50 a awa ta ninka shi sau goma a gudu, amma ƙarfin karonta ya ninka sau ɗari, domin ƙarfin karo yana hauhawa ne da ninkin gudu a kan kansa. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma. A wannan ƙiftawar ido yaro mai kilo goma yakan fizge da nauyin ɗaruruwan kilo, kuma babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, komai ƙaunarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Su ma ƙasashen da suka ƙera motar sun daɗe kafin su gane. Kujerun yara na farko da aka sayar a Amurka a shekarun 1930 ba don kariya aka yi su ba, an yi su ne don yaro ya hango waje ya bar direba ya huta. A 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo a Suwidin, Nils Bohlin, ya fito da bel mai kama ƙugu da kafaɗa a lokaci ɗaya, irin wanda ke cikin motocinmu yau, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera mota su yi amfani da fasahar kyauta. A 1964 wani likita ɗan ƙasar, Bertil Aldman, ya lura da yadda 'yan sama-jannati suke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo don bayansu gaba ɗaya ya ɗauki ƙarfin, sai ya tsara kujerar jarirai mai kallon baya. Wannan ita ce hikimar goyo a wata siga: a tallafe kai da wuya da gadon baya tare. A 1970 jihar Biktoriya ta Ostireliya ta zama ta farko da ta wajabta ɗaura bel, a 1978 kuma dokar kujerar yara ta fara aiki a jihar Tenesi ta Amurka, bayan fafutukar wani likitan yara, Robert Sanders.

Sai aka tarar da wani giɓi. Yaron da ya fi ƙarfin kujerar jarirai bai kai bel ɗin manya ba, domin bel, kamar sirdi, an auna shi ne da jikin babba. A jikin babba, igiyar ƙasa tana kwanciya a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma tana ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji, wato wuraren da ƙashi yake da ƙarfi. A jikin ɗan shekara shida, cinyarsa gajera ce, gwiwarsa ba ta kai bakin kujera ba, sai ya zame gaba don ya ji daɗin zama. Nan take igiyar ƙasa ta hau cikinsa, ta sama kuma ta shafi wuyansa, shi kuma ya tura ta bayansa ko ƙarƙashin hammata. In aka yi karo, bel ɗin yana iya yanke hanji, ya fasa saifa ko hanta, ya karya ƙashin baya. Maganin da Volvo ya fitar a 1978 shi ne kujerar ƙarin tsawo: wani tudu mai tauri da ake ɗorawa bisa kujerar mota, ya ɗaga yaro, yana da ƙahoni biyu a gefe masu riƙe igiyar ƙasa a kan cinya. Wani binciken asibitin yara na Filadelfiya da aka buga a 2009 ya nuna cewa tsakanin shekara 4 zuwa 8, wannan kujera tana rage haɗarin rauni da kashi 45 cikin 100 idan aka gwada da bel kaɗai.

To yaushe yaro zai bar ta? Dokokin ƙasashe sun bambanta. Faransa ta ce shekara 10. Ingila ta ce shekara 12 ko tsawon santimita 135. Jamus ta ce shekara 12 ko santimita 150. Likitocin yara na Amurka suna cewa kimanin santimita 145, wanda yawanci ake kaiwa tsakanin shekara 8 da 12. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta da, mai lamba R44, da nauyi take rarraba kujeru, kilo 15 zuwa 36 ga kujerar ƙarin tsawo. Sabuwar, R129, wadda ta fara aiki a 2013, da tsawo take aunawa. Bayan shekaru da yawa na gwaji, masana sun dawo inda malamin aji ɗaya ya tsaya: a auna jiki.

Wannan ya fi muhimmanci a wajenmu. A Nijar fiye da yara huɗu cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, sakamakon ƙarancin abinci mai gina jiki. Ɗan shekara goma a Shikal ko Tukunus yana iya zama daidai da ɗan shekara takwas a Faransa. Wanda ya kwafo adadin shekaru daga dokar wata ƙasa zai fitar da ɗansa daga kujerar tun bai isa ba. Ga kuma yaran da shekarunsu ma ƙiyasi ne.

Gwajin ba ya bukatar kuɗi. A zaunar da yaro a kujerar baya, mota a tsaye, a ɗaura masa bel, a duba abu biyar. Bayansa ya jingina sosai da kujera? Gwiwarsa ta lanƙwashe daidai bakin kujera ba tare da ya zame ba? Igiyar ƙasa tana kan saman cinyarsa, ba kan cibiya ba? Igiyar sama ta ratsa tsakanin wuya da kafaɗa? Zai iya zama a haka daga Filinge har Yamai, ko da barci ya ɗauke shi? In ɗaya ta faɗi, bai isa ba tukuna. A maimaita gwajin a kowace mota, domin kujeru sun bambanta da zurfi. Yaro zai yi ƙorafi cewa abokansa suna zama irin na manya. A lallashe shi, amma kada a bi ra'ayinsa, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Haka kuma akwai iyaka ta ƙasa. Kada a yi gaggawar mayar da ɗan shekara biyu ko uku kan kujerar ƙarin tsawo. Shi kujera mai nata igiyoyi yake bukata, har sai ya kai aƙalla shekara huɗu da kilo 15, ya kuma iya zama wuri ɗaya ba ya wasa da bel.

Wajen saye, yawancin kujerun da ke kasuwanninmu na hannu ne, sun biyo tsofaffin motoci da kayan gwanjo daga Turai. A nemi tambari mai ruwan goro, da harafin E cikin da'ira, da lambar R44 ko R129. A juya kujerar a duba tsagewa, a ƙi wadda robarta ta kode ko ta bushe, domin zafin rana yana cinye ƙarfin roba, zafin bazara a Kurfai kuwa yana haura digiri 40. Mai majingina ta fi, musamman ga ƙaramin yaro da tafiya mai nisa, saboda tana tare kai in ya yi barci kuma tana saita igiyar kafaɗa. Kujerar ba ta aiki sai da bel mai kama ƙugu da kafaɗa, don haka kada a sa ta a wurin da igiyar ƙugu ce kawai. Matashin kai ko naɗaɗɗen bargo ba ya maye gurbinta, yana lotsewa ya zame a lokacin karo.

Gaskiya ne yawancin gidaje a wannan yanki ba su da mota, kuma motar kasuwar da ake cusa fasinja ranar Lahadin Balayara sau da yawa ko bel ba ta da shi. Amma ko a nan akwai abin yi. Kada a zauna da yaro a gaba kusa da direba, inda gilashi da jakar iska suke. Kada babba ya haɗa kansa da yaro cikin bel ɗaya, domin nauyinsa ne zai murƙushe yaron. Kada a ɗora yara a bayan a-kori-kura ko a kan tankin babur. In akwai zaɓi, a biya wa yaro kuɗin kujerarsa a motar da ke da bel. Masu motar kansu kuwa, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ɗaukar yaran maƙwabta zuwa makaranta, su ba su da uzuri. Kujera ɗaya tana iya yi wa yara uku na gida ɗaya aiki, ɗaya bayan ɗaya.

Malamai suna da hanya mai sauƙi ta shigar da wannan cikin aji. A ja layi biyu a bango, ɗaya a santimita 135, ɗaya a 150. A darasin awo kowane ɗalibi ya auna kansa, ya rubuta a littafinsa, a sake aunawa ƙarshen shekara. A taron iyayen yara a nuna musu layin, a kuma gwada abubuwa biyar ɗin nan a cikin mota ta gaske in an samu. Uwar da ta san ba a kwance majanyi don jinjiri ya yi kuka ba za ta sha wahalar fahimta ba. Yaron da ya koyi wannan yana aji huɗu, shi ne direban da zai bi hanyar Filinge nan da shekara goma sha biyar, da 'ya'yan wasu a bayansa.