Suna na Harshe, Alama ta Duniya: Rubuta Ma'aunan Mita da Hausa a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake kira da rubuta ma'aunan tsarin mita da Hausa, ta ɗauko misalanta daga arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Hujjarta ita ce kowane ma'auni yana da suna yana kuma da alama, kuma kowanne da hukuncinsa. Suna mallakin harshe ne, ƙa'idojin rubutun Hausa ne za su hukunta shi. Alama yarjejeniya ce ta duniya, ba a fassara ta, ba a yi mata kwaskwarima. Cakuɗa hukunce-hukuncen nan biyu na daga cikin abubuwan da suka hana tsarin mita zama da gindinsa a kasuwa da gona.

1. Gabatarwa

Cikin shekara uku a jere Nijeriya ta sauya abubuwa uku da suka shafi kowa. A Afrilun 1972 motoci suka koma bin hannun dama. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 aka kafa Dokar Awo da Ma'auni wadda ta ɗora ciniki a kan tsarin mita. Biyun farko sun zauna daram, domin duk wanda ya ƙi bin su nan take zai ɗanɗana kuɗarsa. Na uku kuwa, bayan shekara hamsin, ƙafarsa ɗaya na ciki ɗaya na waje. Dalilan na da yawa, amma na harshe ne maƙalar nan ta sa a gaba: ma'aunan sun iso, ba a kai ga matsaya guda da ta game makaranta da jarida da kasuwa kan yadda za a kira su ba.

Kazaure da Roni da Gwiwa, na Masarautar Kazaure, da Babura ta Masarautar Ringim, wuri ne da ya dace a auna wannan batu. Hanya ɗaya ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura da Kwangwalam, wata ta bi ta Babura zuwa Babban Mutum ta nufi Magarya. Ƙarshen kowacce Nijar ce, wadda ta gaji tsarin mita daga Faransa. Mutanen yankin suna tsakanin gadon Ingila da na Faransa, suna kuma riƙe da nasu na kaka da kakanni.

2. Abin da kasuwa ke faɗa

Wanda ya zaga kasuwar Kazaure ko ta Babura zai ji tsari uku a bakin mutum ɗaya. Hatsi da mudu ko tiya ake auna shi, a gona kuma da dami ake ƙirga shi. Atamfa da yadi ake yanka ta, turmi yadi shida. Fuloti ƙafa hamsin da ɗari ne, kafinta da mai walda da inci suke magana. Amma man fetur lita ne, buhun taki da na siminti kilo 50 ne, riɗi da zoɓon da za a kai kasuwar Dawanau sai sun hau sikeli, jariri ma a asibiti da kilo ake faɗin nauyinsa. Wato tsarin mita ya kafu a inda hukuma ko masana'anta ke riƙe da ma'auni, ya tsaya a bakin ƙofa a inda talaka ke auna wa talaka.

Hausa ba baƙuwa ba ce wajen karɓar sunan ma'auni. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sikelin kanti ya shiga rayuwar manomi. Daga wannan hulɗa muka sami laba da oza, waɗanda siffarsu ta yi daidai da alamomin lb da oz da ake rubutawa a sikeli da takardun awo. Darasin a bayyane yake: abin da aka rubuta a jikin ma'auni shi ne zai koma bakin jama'a. Don haka rubutun da ke kan allon hanya da buhu da kwalbar magani makaranta ce, ko an yi niyya ko ba a yi ba.

3. Bambancin suna da alama

Faransa ta kafa tsarin mita da doka a 1795. Ranar 20 ga Mayun 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita a Paris, a 1960 kuma babban taron awo da ma'auni ya amince da tsarin duniya da ake taƙaita sunansa da SI. Wannan tsari bai tilasta wa kowane harshe yadda zai rubuta suna ba. Ingila na rubuta metre da litre, Amurka na rubuta meter da liter, Italiya na cewa metro, masu Swahili na rubuta mita da lita da kilomita. Duk da wannan saɓani, kowannensu m da km da kg yake rubutawa, domin alama ba gajarta kalma ba ce, ɗiyar lissafi ce kamar alamar tarawa da ta ɗebewa.

Ƙa'idojin alama kaɗan ne. Ba a yi mata jam'i, ba a ɗiga mata aya sai in ita ce ƙarshen jimla, ana barin tazara tsakaninta da lamba, kuma girman harafi yana ɗauke da ma'ana. Ƙaramin k shi ne ninki dubu, babban K kuwa ma'aunin zafi ne. Ƙaramin m a farkon alama ɗaya bisa dubu ne, babban M miliyan ne, shi ya sa tsakanin mW da MW akwai ninki biliyan ɗaya. Lita ce aka yi wa rangwame a 1979, aka yarda da l ko L, don kada ƙaramin harafin ya rikice da lamba 1. Rubuce-rubuce irin su KM, Kg, kgs da Ltrs da ke cike da allunan shaguna da jikin tankuna duk sun kauce wa wannan ƙa'ida.

4. Ƙa'idojin rubuta suna

A fagen suna Hausa ce mai iko, kuma tana da tsarin da ya isa. Ana ba da shawarar ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, a bi lafazi. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, shi ya sa ta sa wasali a firamare da burodi da direba. Bisa wannan, giram, kilogiram da miligiram ne suka dace. Haka kuma harafin c a Hausa sautin farkon ciki da cuku yake bayarwa, saboda haka wanda ya rubuta centimita ya sa mai karatu furta abin da babu. A rubuta santimita, alamarta kuma ta zauna cm yadda take. Wannan misali shi kaɗai ya nuna cewa ba dole suna da alama su fara da harafi ɗaya ba.

Ta biyu, a haɗe sunan ya zama kalma ɗaya da ƙaramin harafi: kilomita, mililita, kilowat. Raba shi gida biyu na sa a ɗauka kilo ma'auni ne mai zaman kansa, alhali ninki ne kawai. Yaron da aka koya wa cewa kilo dubu ne, santi ɗaya bisa ɗari, mili ɗaya bisa dubu, ya riƙe mabuɗin tsarin gaba ɗaya. Kilo da ake faɗa a mahauta ba laifi a baki, amma tunda wasu matafiya na nufin nisa da shi, a takarda sai a cika sunan.

Ta uku, a kiyaye jerin kalmomin Hausa. Muna cewa buhu goma, don haka daga Kano zuwa Kazaure kimanin kilomita 80 ne, suna a gaba, lamba a baya, ba buƙatar jam'i. A jadawali da allo da jikin kaya kuwa sai a rubuta 80 km. A cikin zance a yi amfani da suna, a cikin lissafi a yi amfani da alama, kada a haɗa rabin wannan da rabin wancan.

Ta huɗu, a girmama karin harshe a baki, a haɗa kai a rubutu. A tsallaken iyaka ana jin litir da metir saboda tasirin Faransanci. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun nuna cewa Nijeriya da Nijar na iya zama su daidaita rubutun Hausa, kuma sunayen ma'aunai sun cancanci irin wannan zama.

5. Inda ruɗani ke cin dukiya da lafiya

Kalmar kadada ita ce babbar matsala a gona. Wani marubuci eka yake nufi da ita, wani hekta. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kimanin 4,047, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Manomin Roni ko Gwiwa da ya ji a rediyo an ce lita kaza na maganin ciyawa ga kadada ɗaya, in mai maganar hekta yake nufi shi kuma ya ɗauka eka ce, ya zuba kusan ninki biyu da rabi na abin da ake so. Ya yi asarar kuɗi, ya ƙona shuka. A duk inda ake ba da umarnin taki ko feshi, a ce hekta ko eka ɓaro-ɓaro.

Galan ma haka take. Ta Ingila lita 4.546 ce, ta Amurka 3.785, robar da ake kira galan a kasuwa kuma girmanta ya danganta da wanda ya ƙera ta. Kalmar mil kuwa ta daɗe tana nufin nisan kilomita 1.609, har ta bar sunayen wurare irin su Mil Tara a Kano. Yanzu ga shi a shagon magani ana cewa a ba yaro mil biyar, ana nufin mililita. A rubuce dole a cika sunan, a kuma bambance mg na nauyin sinadari da mL na yawan ruwan da za a sha, domin su biyun suna zaune kafaɗa da kafaɗa a jikin kwalba ɗaya.

Akwai kuma ruɗanin da iyaka ke haifarwa. Nijeriya da ɗigo take raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, Nijar da waƙafi. Rubutun 1,500 kg a Babura kilogiram dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a Magarya kuwa kilogiram ɗaya da rabi. Babban taron awo na 2003 ya halatta ɗigo da waƙafi duka, ya kuma jaddada cewa tazara ce ke raba dubbai. A takardun cinikin da za su ƙetare iyaka, rubuta 1 500 kg ya fi aminci.

6. Amsa ga masu ja

Wasu masu kishin harshe za su ce me zai hana a ɗora tsofaffin sunayenmu a kan sababbin ma'aunai, a kira mita gaba, a kira hekta kadada. Faransa da kanta ta gwada haka a 1812, ta maido da tsofaffin sunaye da sabuwar ƙima, daga baya ta soke su daga 1840. Inda dabarar ta yi aiki, kamar ma'aunin jin na ƙasar Sin da aka tsayar a giram 500, hukuma ce ta yanke ƙimar da doka ta kuma tsare ta. In babu wannan, suna ɗaya zai ɗauki ƙima biyu, mai wayo ya saya da babbar ya sayar da ƙaramar.

Wasu kuma za su ce a ƙyale mudu. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma maƙalar nan ba ta neman a kashe shi. Abin nema shi ne a san cikinsa. Mudu yawan abu yake aunawa, don haka ɗan'uwansa lita ce, tunda gero da wake da shinkafa ba nauyinsu ɗaya ba a mudu guda. In ƙananan hukumomi da sarakunan kasuwa suka amince da mudu mai hatimi, aka buga yawan litarsa a jikinsa, sunan gado ya tsira, mai saye kuma ya san abin da ya biya. Al'ummar da ke karanta Suratul Muɗaffifina, take kuma tambayar malamai ƙimar sa'i duk ƙarshen azumi, ba ta buƙatar a koya mata cewa cika awo ibada ce.

7. Kammalawa

Aikin bai fi ƙarfin cibiyoyin da ke akwai ba. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, ita ta dace ta yanke hukuncin sunaye. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura su tantance alamomi da ƙimomi. Abin da ake buƙata daga gare su shafi ɗaya ne mai layi uku: suna da Hausa, alamar duniya, da kwatancinsa da ma'aunin da aka saba. A raba shi ga malaman firamare, malaman gona, ma'aikatan asibiti, gidajen rediyo da masu zanen allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka a fara da ajin firamare, inda yaro zai koyi furta santimita da rubuta cm a darasi ɗaya.