Esposito: Sunan da Ya Samo Asali daga Bangon Gidan Marayu

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. To amma a ƙasar Italiya akwai wani sunan zuri'a da ya daɗe yana zame wa masu shi tabo, wato Esposito. Wannan suna shi ne ya fi kowane yawa a birnin Napoli, kuma yana sahun gaba a faɗin ƙasar, tare da Rossi da Russo da Ferrari. Ƙaurar da miliyoyin Italiyawa suka yi tsakanin 1880 da 1920 ta tsallaka da shi zuwa Amurka da Ajantina.

Asalin kalmar daga Latin take, daga "expositus", ma'ana wanda aka ajiye a waje. A bangon gidan marayu na Annunziata da ke Napoli an girka wani akwatin katako mai juyawa. Uwar da talauci ko tsoron abin kunya ya ci ƙarfinta takan zo cikin dare ta sa jaririnta, ta juya akwatin ya shige ciki, ta tafi ba wanda ya ga fuskarta. Wasu kan bar rabin lambar wuya a jikin yaron, da fatan wata rana za su dawo da ɗaya rabin su karɓe shi. Irin waɗannan 'ya'yan tsintuwa ne ake rubuta wa Esposito. Sauran birane ma da nasu: Proietti a Rum, Innocenti a Fulorens, Colombo a Milan.

Da yake sunan na tona asirin mai shi duk inda ya shiga, Sarki Joachim Murat ya hana raɗa shi ga 'ya'yan tsintuwa a shekarar 1811. An rufe akwatin Annunziata a 1875. Sai dai kafin nan waɗannan yara sun girma, sun yi aure, sun hayayyafa.

Saboda haka duk mai neman ƙabila guda a bayan wannan suna ya ɗauko Dala ba gammo. Mutum biyu na iya amsa Esposito alhali ba su haɗa jini ba. Abin da kakanninsu suka haɗa shi ne bango ɗaya da dare ɗaya irin na rabuwa.

Masu hisabin haruffa na Turai kuwa sukan ba kowane harafi lamba. A lissafinsu haruffa takwas na Esposito sun tashi 37. 3 da 7 goma ke nan, goma kuma ta koma 1, lambar da suke dangantawa da shugabanci da dogaro da kai. Wannan hisabi ba hujja ba ne a wurin masanin tarihi, domin lamba ba ta san daren da aka juya akwati ba. Littattafan rajistar Annunziata, waɗanda ake adana su a Napoli, su ne ke riƙe da ranar da aka tsinci kowane yaro da abin da aka same shi da shi, kuma can zuriyar ke zuwa neman tushenta.