Sarah Baartman: Tarihin Gawarta a Gidajen Tarihin Faransa

Sarah Baartman 'yar ƙabilar Khoekhoe ce ta Afirka ta Kudu, wadda gidajen tarihi na birnin Faris suka riƙe sassan jikinta tun daga rasuwarta a 1815 har zuwa 2002. Ana yawan kafa hujja da labarinta a muhawarar ko ya halatta gidan tarihi ya mallaki gawar ɗan Adam.

An haife ta a yankin Cape a ƙarshen ƙarni na 18. A 1810 Hendrik Cesars, wanda take yi wa aikatau, da wani likita mai suna Alexander Dunlop suka kai ta Landan, inda aka riƙa nuna ta a Piccadilly, 'yan kallo na biyan sule biyu don su ga ƙirar jikinta. Masu yaƙi da bauta sun kai ƙara a shekarar, amma kotu ta yi watsi da ita bayan an ce Sarah ta amsa cewa da yardarta take yi. Masana tarihi da dama ba su gamsu da wannan yardar ba. A 1814 aka wuce da ita Faris, ta faɗa hannun wani mai wasa da dabbobi da ake kira Réaux.

A watan Maris na 1815 aka gabatar da ita gaban masana a lambun gidan tarihin halittu na Faris, cikinsu har da Georges Cuvier, babban masanin ƙirar jikin dabbobi na zamanin. Ta ƙi yarda ta tuɓe gaba ɗaya. Abin da ta hana su tana da rai, sun same shi bayan ta rasu a watan Disamba. Cuvier ya sa aka zuba filasta a jikinta aka fitar da siffarta, ya feɗe gawar, ya saka ƙwaƙwalwarta da al'aurarta cikin kwalabe, aka kuma haɗa ƙwarangwal ɗinta aka tsayar. Rahoton da ya buga a 1817 ya kwatanta ta da birai, kuma irin wannan rubutu ne ya ba wa wariyar launin fata rigar ilimi. Ba a yi mata jana'iza ba.

Daga baya aka mayar da sassan jikin nata gidan tarihi na Musée de l'Homme. Sai a 1974 aka sauke ƙwarangwal ɗin daga idon jama'a, siffar filastar kuma a 1976, aka kai su ma'ajiya.

Bayan faɗuwar mulkin wariya a Afirka ta Kudu a 1994, Nelson Mandela ya nemi Faransa ta dawo da ita, shugabannin al'ummar Griqua ta Afirka ta Kudu su ma suka matsa. Nan aka ci karo da doka: a Faransa duk abin da ya shiga kundin gidan tarihi na gwamnati dukiyar ƙasa ne, ba a sayarwa, ba a bayarwa. Wato a idon doka, ƙashin wannan baiwar Allah da tsohuwar tukunya matsayinsu ɗaya. Wasu jami'ai kuma suna tsoron in aka ba da ɗaya, sauran ƙasashe za su yi layi. Sai da Sanata Nicolas About ya gabatar da ƙuduri na musamman, aka sa hannu ya zama doka ranar 6 ga Maris 2002. Gawar ta isa Cape Town a watan Mayu, aka binne ta a Hankey, kusa da kogin Gamtoos, ranar 9 ga Agusta, Ranar Mata ta ƙasar. Shugaba Thabo Mbeki ya yi jawabi a wajen.

Abin da jami'an suka ji tsoro ya faru. A 2010 majalisar Faransa ta sake yin doka don mayar da kawunan 'yan ƙabilar Maori zuwa New Zealand, a 2020 kuma aka mayar wa Aljeriya ƙoƙon kai 24, wasunsu na mayaƙan da suka yi wa mamayar Faransa turjiya. A watan Disamba na 2023 aka kafa doka guda ta bai-ɗaya, wadda ta ba ƙasashe damar neman gawarwakin mutanensu da suka rasu bayan shekarar 1500, da sharaɗin za a karɓe su ne domin yi musu sutura.