Tarihin alwatika mai ƙafa biyu daidai

Ya kai mai karatu, alwatika ita ce siffa mai gefe uku da kusurwa uku. In aka dubi gefunanta, iri uku ce. Akwai wadda gefunanta duka sun bambanta, akwai wadda duka ukun daidai suke, akwai kuma mai gefe biyu daidai, kamar mutumin da ya tsaya ya ware ƙafafunsa. Tarihin wannan ta ƙarshe za mu ba ka yau.

Maginan Masar sun san ta tun da daɗewa. Babbar dalar Giza, wadda aka gina wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, fuska huɗu gare ta, kowace fuska kuma irin wannan alwatika ce. Suna da wani ma'auni na itace: sanda biyu masu tsawo ɗaya, a haɗe a sama, da ta uku a gicciye, da igiya mai nauyi tana reto daga kan. In igiyar ta faɗa tsakiyar sandar gicciye, to wurin ya daidaita. An samu irinsa cikin kabarin wani ma'aikaci mai suna Sennejem.

Girkawa ne suka nemi dalili. An ce Tales, mutumin Miletus a Turkiyya ta yau, shi ya fara nuna cewa kusurwa biyu na gindinta daidai suke, wajen shekara 600 kafin Annabi Isa. An kuma ce ya auna tsawon dala ba tare da ya hau ba. Ya jira sai inuwarsa ta yi daidai da tsawonsa, sannan ya auna inuwar dalar. A wannan sa'a tsawo da inuwa su ne ƙafafun alwatika, kusurwar tsakaninsu digiri 90, sauran biyun 45 kowace.

Wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, Uklidis ya tara wannan ilimi a Iskandariyya. Magana ta 5 cikin littafinsa na farko ita ce hujjar kusurwoyin nan biyu. Ta 6 ta juya zancen: in kusurwa biyu sun yi daidai, to gefe biyu ma daidai ne. Daga nan za ka gane sauran. Mai gefe uku daidai ƴar gida ɗaya ce da tamu, shi ya sa kowace kusurwarta digiri 60 ce. Wadda gefunanta suka bambanta kuwa, kusurwoyinta ma sun bambanta, babba tana fuskantar gefe mafi tsawo.

Zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, Alhajjaj ɗan Yusufu ya fassara littafin da Larabci a Bagadaza. Daga baya almajiran Turai suka raɗa wa magana ta 5 suna "gadar jakuna", don nan ne raggo ke togewa.

Kai manomi, wannan ilimi naka ne. In ruwan sama na kwashe ƙasar gonarka, kamar yadda yake yi a tuddan Adar, ka haɗa ma'aunin nan na Masar. Amma ka kula: sandunan biyu su zama tsawo ɗaya, ta gicciye kuma a ɗaure ta nisa ɗaya daga sama. Ka bi shi taki-taki kana sa alama, sannan ka jera duwatsu bisa layin. Ruwa zai tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya tafi da ita.